Bayan An Gama Maganin Kansar Hanji: Shin Dole Ne A Ci Gaba Da Ɗaukar Hoto?

'Yan uwa, akwai wata tambaya da ke raba kan iyali a duk gidan da aka yi jinyar kansar hanji. An yi wa mutum tiyata, an yanke ɓangaren hanjin da ciwon ya kama, wataƙila ya sha watanni ana ba shi maganin kemo, ƙarshe likita ya ce ba su ga sauran ciwo a jikinsa ba. Ana cikin murna sai a miƙo takarda: a dawo bayan wata shida a gwada jini, bayan shekara a ɗauki hoton ciki da ƙirji.

Daga nan gida kan kasu biyu. Wasu su ce tunda an warke me kuma za a koma nema, kuɗin ma sun ƙare. Wasu su ce ai ko gona za a sayar, gara a riƙa ɗaukar hoto duk wata uku don kada ciwon ya dawo ba a sani ba. Likitoci sun shafe shekaru suna bincike kan wannan batu, kuma amsar da suka samu ta faɗo a tsakiya: mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki suna buƙatar hoto, amma hoto kaɗan da aka ɗauka a kan lokaci yana yin aikin da hoto mai yawa yake yi.

Me ake nema bayan an cire ciwon?

Kansar babban hanji da dubura ita ce ta uku wajen yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 an samu sabbin masu ita fiye da miliyan 1.9, kuma fiye da mutum 930,000 suka rasu sanadiyyarta. Babban maganinta tiyata ne, a cire ciwon tare da kaluluwar da ke kewaye da shi.

Matsalar ita ce, tun kafin a yi aikin, wasu ƙwayoyin ciwon kan iya ɓallewa su bi jini su sauka a wani wuri. Sun yi ƙanƙantar da ba na'urar da za ta gan su. Idan kemo bai kashe su ba, sai su yi ta girma a ɓoye har su zama ƙari. Wannan ne ake nufi idan an ce ciwon ya dawo.

Wurin da suka fi sauka shi ne hanta, domin jinin da ya fito daga hanji ta hanta yake fara bi kafin ya koma zuciya. Na biyu shi ne huhu. Na uku shi ne wurin da aka yi aikin, musamman ga wanda ciwonsa a dubura yake, saboda ƙugu wuri ne matsattse mai wuyar aiki.

Haɗarin dawowa ya dogara da matakin da aka tarar da ciwon. A mataki na ɗaya, wanda bai ratsa bangon hanji ba, bai kai mutum 1 cikin 10 da ciwon ke dawo wa ba. A mataki na biyu, wanda ya ratsa bangon amma bai taɓa kaluluwa ba, tsakanin 1 ne da 2 cikin 10. A mataki na uku, wanda ya shiga kaluluwa, kusan 3 ne cikin 10. Haka kuma lokacin dawowar sananne ne: kusan kashi 80 cikin 100 na ciwon da zai dawo yana bayyana ne cikin shekara uku na farko, kuma bayan shekara biyar dawowar ta yi ƙaranci ƙwarai.

Akwai abin da ya bambanta wannan kansa da wasu da yawa. Idan ta dawo a hanta ko a huhu, kuma ƙari ɗaya ne ko kaɗan, ana iya sake yin tiyata a cire, kuma a cikin waɗanda aka yi wa haka akwai adadi mai kyau da ke rayuwa shekara biyar da fiye, wasu ma su warke sarai. To wannan shi ne dalilin bibiya gaba ɗaya: a gano ciwon tun yana da girman da wuƙar likita za ta iya raba shi da jiki.

Kayan aikin da likita ke bibiya da su

Na farko shi ne ganin likita, ya yi tambayoyi, ya auna nauyi, ya taɓa ciki. Mutane kan raina wannan, alhali shi ne ginshiƙin sauran.

Na biyu gwajin jini ne da ake kira CEA. Wani sinadari ne da ƙwayoyin kansar hanji kan zuba a cikin jini. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar lamba 5 a matsayin iyaka. Gwajin ya fi hoto araha nesa ba kusa ba, amma yana da rauni biyu. Akwai kansar da ba ta ɗaga shi ko kaɗan, sannan yana iya hawa ba tare da kansa ba, misali ga mai shan taba ko mai ciwon hanta. Shi ya sa idan ya ɗan hau sau ɗaya akan maimaita shi. Hawan da ke ci gaba daga gwaji zuwa gwaji shi ne ke sa a nemi hoto.

Na uku shi ne hoton CT, wanda a ƙasashen da ke aiki da Faransanci ake kira sikana. Mutum yana kwanciya a shigar da shi cikin wata na'ura mai kamar zobe, ta ɗauki hoton ƙirji da ciki da ƙugu yanki-yanki. Galibi akan sa masa wani ruwa ta jijiya don hanta ta fito sosai. Idan ana maganar hoton bibiya, yawanci wannan ake nufi.

Akwai kuma hoton da ake goga na'ura a kan ciki bayan an shafa wani ruwa mai yauƙi, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Yana ganin hanta, ba shi da tsada sosai, amma ƙananan ƙari kan ɓoye masa, kuma ba ya duba huhu. Sai hoton MRI, wanda ya fi kowanne iya bayyana ƙugu da hanta, ana neman sa idan CT ya nuna abin da ba a gane ba. Sai hoton PET, mai tsada ƙwarai, wanda ƙa'idojin likitoci ba su yarda a riƙa yin sa don bibiya ta yau da kullum ba.

Na ƙarshe shi ne leƙen hanji, inda ake zura wata siririyar roba mai kyamara ta dubura a duba cikin hanjin da ya saura. Aikinsa daban ne da na CT. Shi yana neman sabon tsiro ne a bangon hanji, a cire shi kafin ya zama wata sabuwar kansa. Don haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Abin da bincike ya nuna

A Birtaniya an yi wani bincike mai suna FACS, aka buga sakamakonsa a mujallar likitoci ta JAMA a 2014. An ɗauki majiyyata 1,202 daga asibitoci 39, aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko gwajin CEA ake yi musu a kai a kai, na biyu hoton CT, na uku duka biyun, na huɗu kuma bibiya kaɗan, sai idan sun ji wata alama. A gida na huɗu, kashi 2.3 cikin 100 ne aka gano ciwonsu ya dawo a lokacin da za a iya sake tiyata da niyyar warkarwa. A sauran gidajen uku adadin ya kama daga kashi 6.6 zuwa kashi 8, wato kusan ninki uku. Amma haɗa CEA da CT bai fi yin ɗaya kaɗai ba, kuma da aka ƙirga waɗanda suka rasu, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin gidajen ba.

Bincike na biyu, COLOFOL, an yi shi a Denmak da Suwidin da Yurugwai, ya fito a mujallar JAMA a 2018. Majiyyata 2,509 ne masu mataki na biyu da na uku. Rabinsu an yi musu CT da CEA sau biyar, a wata na 6, na 12, na 18, na 24 da na 36 bayan tiyata. Ɗaya rabin sau biyu kacal, a wata na 12 da na 36. Bayan shekara biyar, kashi 13 cikin 100 suka rasu a cikin masu hoto biyar, kashi 14.2 a cikin masu hoto biyu. Tazarar ta yi ƙanƙantar da masu binciken suka ce ba za a iya jingina ta ga yawan hoton ba.

A Faransa ma an yi wani mai suna PRODIGE 13 a kan mutum kusan 2,000. An gwada bibiya da CT da kuma bibiya da hoton goge ciki haɗe da hoton ƙirji na gargajiya. Nan ma ba a ga bambanci a tsawon rayuwa ba. Wannan sakamako yana da amfani ga wanda yake garin da babu na'urar CT.

A 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara bincike-bincike ne ta auna su, ta haɗa guda 19 da suka ƙunshi mutum fiye da 13,000. Ta kammala da cewa tsananta bibiya yana kusan ninka yawan waɗanda ake sake yi wa tiyata, amma tasirinsa a kan tsawon rai kaɗan ne ko ma babu.

Yaya za a gano ciwo da wuri amma rai bai ƙaru ba?

Dalilin yana cikin halin ciwon kansa. Wata kansar mai gaggawa ce, idan ta dawo takan bazu a wurare da yawa lokaci ɗaya, ko an gan ta yau ko bayan wata shida, tiyata ba za ta iya mata ba. Wata kuma mai nawa ce, takan tsaya a wuri ɗaya ta yi ta girma a hankali, ko an makara da 'yan watanni za a tarar da ita ana iya cirewa. Waɗanda 'yan watannin nan ke canza wa lissafi su ne na tsakiya, kuma ba su da yawa.

Sai dai a kula da abu uku kafin a ce hoto ba shi da amfani. Na ɗaya, a COLOFOL ba a gwada masu hoto da marasa hoto ba, har masu ƙaramin rabo an yi musu sau biyu. Abin da aka tabbatar shi ne biyar bai fi biyu ba. Na biyu, an yi waɗannan bincike ne a ƙasashen da idan mutum ya ji ciwo yau, cikin ɗan lokaci zai ga likita a yi masa hoto. Inda asibiti ke da nisa, ranar da aka ajiye wa mutum ita ce kaɗai damar da likita zai gan shi, don haka tsallake ta ya fi haɗari. Na uku, mutanen da aka sa a binciken an duba jikinsu tsaf tun farko an tabbatar babu ciwo a hanta ko huhu. A wurarenmu mutane da yawa sai hanji ya toshe ake kai su asibiti a yi aikin gaggawa, ba tare da an ɗauki CT ba. Irin wannan majiyyaci yana buƙatar hoto da zarar ya murmure, domin a san ainihin matakin ciwonsa, haka kuma a leƙa sauran hanjin cikin wata uku zuwa shida idan toshewar ta hana a leƙa kafin aiki.

Yawan hoto ma yana da nasa illa

Na farko kuɗi. A ƙasashenmu yawancin majiyyata daga aljihunsu suke biya, ga kuɗin mota zuwa babban birni, ga masauki, ga ɗan rakiya da ya bar sana'arsa. Iyalin da suka ƙarar da abin hannunsu a hoto duk wata uku, idan ranar ta zo aka ga ƙari a hanta, ƙila ba su da abin biyan tiyatar da saboda ita ake hoton tun farko.

Na biyu, hoto yana nuna abubuwan da ba kansa ba. Ɗan tabo a huhu, ƙaramar jakar ruwa a hanta, ko dunƙulen jijiyoyin jini da aka haifi mutum da shi, duk suna iya tayar da hankali. A yankunan da tarin fuka ya yi yawa, tsohon tabon da ya bari a huhu yakan yi kama da ƙari. Kowane irin wannan yana jawo ƙarin hoto, wani lokaci har a soka allura a ɗebo nama, sannan a ƙarshe a ce ba komai.

Na uku, CT yana aiki ne da haske mai ratsa jiki. Hoton ciki da ƙugu guda ɗaya ya kai kimanin abin da jikin mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a cikin shekara uku. Ga dattijo haɗarin ƙanƙani ne, amma ga matashin da za a yi ta maimaita masa, abin lura ne. Ruwan da ake sa wa ta jijiya kuma yana iya wahalar da mai raunin ƙoda, shi ya sa akan gwada ƙoda kafin a yi.

Na huɗu fargaba. Duk wanda ya yi jinyar nan ya san yadda barci ke ƙaura a makon da ake jiran sakamako.

To wa ke buƙatar hoto, kuma sau nawa?

Ƙa'idojin ƙasashe sun ɗan bambanta, amma sun yi kusa da juna. Ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, ta amince a 2013 da tsarin ganin likita da gwajin CEA duk wata uku zuwa shida har shekara biyar, da CT na ƙirji da ciki sau ɗaya a shekara har shekara uku. Hukumar NICE ta Ingila, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce a yi bibiya da CEA da CT a shekaru uku na farko. Leƙen hanji kuwa akan yi shi shekara ɗaya bayan tiyata, idan lafiya lau sai a sake bayan shekara uku zuwa biyar.

Mai mataki na ɗaya a babban hanji, galibi leƙen hanji ya ishe shi, ba sai an riƙa yi masa CT ba. Masu mataki na biyu da na uku su ne tsarin da ke sama ya shafa. Akwai rukuni biyu da ke buƙatar bibiya mai tsanani fiye da haka: wanda ciwonsa ya riga ya je hanta ko huhu aka cire, da kuma mai kansar dubura da gashi da kemo suka narkar da ciwonsa har likitoci suka zaɓi su sa ido maimakon tiyata. Wannan na biyun sai an riƙa leƙa duburarsa da ɗaukar MRI a kai a kai, musamman a shekaru biyu na farko.

Akwai kuma wanda hoton bibiya ba zai amfane shi ba: tsoho mai rauni ko mai wata cuta mai nauyi, wanda ko an ga ciwon jikinsa ba zai ɗauki tiyata ko kemo ba. Ɗora masa wahalar tafiya don a ga abin da ba za a taɓa ba, ƙarin nauyi ne kawai. Barin hoton a nan ba sakaci ba ne, matuƙar ana kula da shi ana magance abin da ke damunsa. Bayan shekara biyar lafiya kuma, akan daina CT da CEA, a bar leƙen hanji kaɗai.

Alamomin da ba a jiran ranar asibiti

Ko da jiya aka ɗauki hoto aka ce lafiya, waɗannan alamomi suna buƙatar a koma wurin likita nan da nan: jini a bayan gida, canjin yanayin bayan gida da ya ɗauki makonni, ciwon ciki ko na ƙugu da ya ƙi tafiya, rama ba dalili, idanu su yi rawaya, tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kumburin ciki da amai.

A nan sai an ja kunne kan maganar basir. Mun saba duk jinin da ya fito ta dubura mu ce basir ne, mu nemi jiƙo. Mutane da yawa ta haka ciwonsu na farko ya yi nisa kafin a gano shi. Wanda aka taɓa yi wa aikin kansar hanji ba shi da damar yin wannan zato, sai likita ya duba ya faɗa da bakinsa.

Abin da za a tambayi likita kafin a bar asibiti

A tambaye shi: ciwon mataki na nawa ne? An ɗauki hoton hanta da huhu kafin aiki? An leƙa hanjin gaba ɗaya? Nawa CEA yake kafin tiyata da bayanta? Wane wata za a yi hoto na gaba? Idan kuma kuɗi ba za su kai a yi komai ba, a faɗa masa gaskiya, a tambaye shi wanne ya fi muhimmanci. Likita zai iya tsara abin da ya dace da ƙarfin mutum, amma ba zai iya taimakon wanda ya ɓace ba.

A adana takardar sakamakon naman da aka cire, da faifan kowane hoto, a jaka ɗaya. Mai karanta hoto yana gane ko tabo sabo ne ta hanyar gwada shi da tsohon hoto, kuma wannan kaɗai na iya hana a sake biyan kuɗin wani. Masu haɗa gudummawa a unguwa ko a masallaci su ma su lura: jinyar ba ta ƙare ranar sallama ba. Ware wani abu don gwajin jini da hoton shekara ta farko da ta uku taimako ne na gaske.

Majiyyaci ma yana da abin yi da ƙafarsa. A 2025 an fitar da sakamakon binciken CHALLENGE, wanda aka yi mafi yawansa a Kanada da Ostireliya kan mutum 889 da suka gama kemo. Waɗanda aka tsara wa motsa jiki na shekara uku, yawanci tafiya da sauri, kashi 80 cikin 100 sun kai shekara biyar ba tare da ciwo ba, sauran kuwa kashi 74. Barin taba ma yana cikin abin da ake so, ga shi yana sa gwajin CEA ya fi faɗin gaskiya.

Sai kuma 'yan uwan jini. Iyaye, 'ya'ya da waɗanda suke ciki ɗaya da mai wannan ciwo haɗarinsu ya fi na sauran mutane. Shawarar likitoci ita ce su fara gwajin hanji a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ciwon ɗan uwansu, duk wanda ya riga zuwa. Idan an gano na uba yana da shekara 45, 'ya'yansa su fara a 35.

Saboda haka, wanda aka miƙa wa takardar dawowa ya riƙe ta da kyau, ya rubuta ranakun a inda zai riƙa gani, ya je ko da yana jin garau. Wanda kuma hankalinsa bai kwanta ba sai ya ga hoto duk wata uku, ya sani an gwada yawaita hoto a kan dubban mutane ba a ga ya ƙara kwana ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.